Yadda na raba wayata da masu tallar katin bashi a Amurka

Watana biyu da fara karatu a Amurka, sanyi ya kora ni wani babban kanti neman rigar sanyi. A wurin biya, mai karɓar kuɗi ta miƙo mini 'yar takarda, ta ce in na cike za a yi mini ragi. Na rubuta suna da lambar waya ban karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba. Ashe tambayar katin bashi na yi. Ba a yi mako ba wayata ta fara ruri, ina cikin aji, ina ɗakin karatu, har ina tsaka da alwala.

Laifin da ya fi girma nawa ne, kuma kara ce ta jawo shi. Ni ɗan Kano ne, ba a koya mini katse mutum yana magana ba. Sai in saurara har ya gama, in ce "zan yi shawara". A gida kowa ya san wannan a'a ce mai sanye da riga. A wurin mai talla kuwa, ma'anarta a sake kira ranar Alhamis.

To abin da za ka fara yi ke nan. Kada ka ce ba ka da lokaci, kada ka ce kai ɗalibi ne ba ka da kuɗi, kada ka shiga bayanin cewa addininka ya hana kuɗin ruwa. Na gwada na ƙarshen, mutumin ya ce ai in na biya kafin ƙarshen wata ba ruwa a kai, muka ƙara minti biyar. Kowane uzuri suna da amsarsa a rubuce a gabansu. Ka tambayi sunan kamfanin, sannan ka ce su sa lambarka a jerin waɗanda kamfanin ba ya kira. Dokar tarayya ta tilasta musu bin wannan, ko da kana hulɗa da su. Ka rubuta rana da lokaci da sunan kamfanin a bayan littafinka, domin dokar 1991 kan kiran talla ta ba mutum damar neman diyyar dala 500 a kan kiran da ya saɓa mata. Ni ban kai ga kotu ba, amma ambatar cewa ina rubutawa ya sa muryar wani ta sauya nan take.

Daga nan sai rajistar Do Not Call, wato jerin lambobin da aka hana masu talla kira, wadda hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta buɗe a 2003. Kyauta ce, a donotcall.gov ko ka kira 1-888-382-1222 da wayar da kake son a sa. Ba ta ƙarewa, amma kamfanoni na da kwana 31 kafin ta hau kansu. Ni nan na yi zaton aiki ya gama, sai kira ya ci gaba. Dalili kuwa, kamfanin da ka tambayi kayansa yana da izinin kiranka har wata 3, wanda ka yi ciniki da shi kuma har wata 18. Takardar rigar sanyin nan ce ta buɗe musu ƙofa. 'Yan siyasa da ƙungiyoyin agaji da masu jin ra'ayi ma rajistar ba ta hana su.

Akwai kuma inda sunanka ke yoyo. Kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion da Innovis, suna ba bankuna jerin waɗanda suka dace a yi wa tayi. A optoutprescreen.com za ka cire kanka na shekara 5, ko har abada in ka sa hannu a takarda ka aika ta gidan waya. Sannan ka leƙa ofishin rajistara na makarantarku. Dokar sirrin ɗalibai ta 1974 ta yarda jami'a ta fitar da suna da adireshi da lambar waya, sai in ɗalibi ya ce a rufe nasa. Fom ɗin shafi ɗaya ne.

Sauran masu kiran ba 'yan talla ba ne, ɓarayi ne. Muryar na'ura ce ke cewa za a rage maka kuɗin ruwan katinka, ka danna 1. Lambar ma sai ta fito da lambobin farko irin na garinku don ka ɗauka maƙwabci ne. Kada ka danna komai, har da maɓallin da suka ce na cire suna, don dannawar ce ke shaida musu akwai mutum a layin. Kashe kawai, ka toshe, ka kai ƙara a shafin rajistar nan. Lambar katinka da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, ba a faɗa wa wanda shi ya kira ka.

A ƙarshe na kunna saitin da ke tura baƙuwar lamba kai tsaye zuwa saƙon murya. Hajiya ta WhatsApp take kira, don haka bai shafe ta ba. Sai dai ka ajiye lambar asibitin makaranta da ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje tukuna. Ni ban yi ba, kwana uku saƙon malamata yana jira ban sani ba.