Kafin ka jona dutsen guga da ƙaramin janareta

'Yan'uwa, masu tambaya ko ƙaramin janaretansu zai ja dutsen guga ko hita, ga lissafin da zai raba gardama, musamman idan rubutun jikin kayan ya goge.

Ka samu mita mai maƙalawa a wayar wuta, mai auna amfiya, wato yawan wutar da kaya ke ja, ka maƙala ta a ɗaya tak daga cikin wayoyin da ke cikin igiyar dutsen, don idan ka haɗa biyu sifili za ta nuna maka. Mu ce wuta na kan volt 220, dutsen kuma yana jan amfiya 4.5. Ninka su: wat 990. Janareta mai wat 650 ba zai ɗauka ba, kada ma ka wahalar da shi.

Turjiyar wayar da ke zafi a ciki kuwa, raba volt da amfiya: 220 raba 4.5, kusan om 49 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda waya ke tare wuta). Amfaninta? Ranar da wuta ta yi rauni ta sauko 180, amfiya za ta koma 3.7, ƙarfin ya faɗo wajen wat 660. Shi ya sa guga ke ƙin kwanciya, mutum ya yi ta zargin dutsen alhali lafiyarsa ƙalau.

Amma fa firji da injin ruwa daban suke, lokacin tashi suna jan wuta ninki-ninki, sai ka bar musu sarari sosai.