Kafin ka taɓa gidan rina

Rina ɗaya ta harbe ni sau huɗu a wuya ranar da na kai wa gidansu sanda da rana tsaka. Kudan zuma sau ɗaya take harbin mutum, ƙarinta ya maƙale a fata, ta mutu. Na rina sumul yake, ta zare ta sake. Idan kuwa ka murƙushe ɗaya, jikinta na fitar da wani wari da ke kiran 'yan uwanta faɗa.

Yanzu sai na tsaya na duba tukuna. Gidan laka na zanzaro ne, ba ya zaman taro, da wuya ya harbi mutum. Mai kama da takarda, da ramuka a jere, shi ne na rina: busasshen itace suke kankara, su tauna da yawu su yi gini. Na taɓa zama ina kallonsu suna ɗauke tsutsotsin da ke cin ganyen shukata, suna kai wa 'ya'yansu. Manyansu ruwan fure suke sha, 'ya'yan ne ke cin nama. Shi ya sa gidan da ke can saman bishiya, nesa da hanya, ba na taɓa shi, kuma ina roƙonka ka ƙyale shi.

Wanda ke bakin ƙofa ko inda yara ke wasa ne ake cirewa, tun yana ƙarami, kafin su yi yawa. Ka bari sai asuba, lokacin duk suna gida, sanyi ya kashe musu jiki. Sa kaya masu kauri, rufe wuya da fuska da hannu, ka kuma san ta inda za ka ja da baya. Kada ka haska su da tocila, haske suke bi. Fesa maganin kwari ko ruwan sabulu mai kauri har gidan ya jiƙe sharkaf, ka bar wurin. Washegari, in babu motsi, ka kankare shi ka wanke gurbin.

Ban da fetur, ban da wuta, ban da hawa tsani. Idan gidan babba ne, ko yana cikin bango ko rufi, kada ka toshe ramin, za su nemi hanya ta cikin ɗaki. Kira masu aikin feshi.

In an harbe ka, wanke wurin da sabulu, ka ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle na minti 10. Amma da zarar fuska ko harshe ya fara kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko jiri ya kama mutum, a garzaya da shi asibiti nan take.