Baƙin mai: ina za mu kai shi bayan juye?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai yi wa janareta ko babur juye a gida ya san matsalar nan: ka tsiyaye baƙin mai, ka rasa inda za ka kai. Ni ma da farko na sha yawo ban samu wurin karɓa ba.

Ga abin da nake yi yanzu. Ina tarar man a roba mai faɗi, in ya huce in ɗura shi da mazurari a galan ɗin da sabon ya fito, in rufe gam, in ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa. Filtar ma ina kife ta ta kwana tana tsiyaya. Kada ku gauraya shi da fetur, ruwa ko man birki, domin da zarar ya gaurayu masu saye ba sa so.

In ya taru, ku kai wa bakaniken da ke juyen mai a gareji ko a gidan mai. Da yawansu suna da duro da suke tarawa, masu saye na zuwa ɗauka.

Don Allah a daina zubawa a kwata, ko masai, ko a ƙasa a bayan gidajenmu. Da damina ruwa ke janye shi, a hankali ya tsiyaya har rijiyar da muke sha. Masu shafa wa akuya ko kare don ƙazwa su ma su bari, akwai guba a ciki, dabbar kuma lasa take yi.