Shawara ga ƙannenmu sabbin ma'aikatan gwamnati

Salam 'yan uwa, musamman ku da kuka karɓi takardar kama aiki kwanan nan. Don Allah ku riƙe lokaci. Ƙarfe 8 ake buɗe ofis, to in kana Samarun Zariya ne ofis ɗinka kuma yana Tudun Wada ko cikin birni ai ka san cunkoson Kwangila da PZ ba wasa ba ne, ka fito tun 7, guga kuma a yi ta da daddare in an kawo wuta don NEPA ba ruwanta da saurinka.

Sai maganar fayil, wallahi nan ake gane ma'aikaci. Ni ƙaramin littafi na saya, duk fayil ɗin da ya hau teburina sai na rubuta ranar da ya shigo da ranar da ya fita, in ya kwana uku ni da kaina nake jin kunya. Dattijo ya taso tun daga Soba ko Giwa da kuɗin motar da ya ranto ka ce masa baba dawo gobe, haba malam, kai ma fa shekara 35 ce a aiki ko ka cika 60 da haihuwa ka koma layin 'yan fansho. In oga ne bai sa hannu ba ka gaya wa dattijon gaskiya, ka karɓi lambarsa in an gama ka kira shi. Kuma in ya miƙo na goro ka ce ya riƙe ya hau mota.