Yadda Ake Hawa Dandali Da Gita Karon Farko Ba Tare Da Tsirkiya Ta Ba Ka Kunya Ba

Duk shekara, idan ɗalibai suka cika Samaru da Kongo a Zariya aka fara tarukan ƙungiyoyi da liyafar kammala karatu, sai na ga yaro ya zo da gita a kafaɗa. Ya iya waƙa biyar ko shida tsaf a ɗakinsa, amma da ya hau dandali ko minti biyu ba a yi komai ya dagule masa. Yawancin yaran nan sun fi ni saurin hannu lokacin da nake sa'arsu. Abin da ke kayar da su yana faruwa ne tun kafin su taɓa tsirkiya ta farko. Saboda haka ba zan tsaya nuna maka inda ake ɗora yatsa a kod ɗin G ko C ba, wato haɗin sautukan da ake kamawa a kaɗa lokaci guda. Wanda bai iya wannan ba bai kai ga maganar dandali ba tukuna, kuma masu koyar da shi sun cika YouTube.

Zaɓi waƙa uku, ka kaɗa su a tsaye

Uku sun isa. A cikinsu wadda ka fi ƙwarewa a kai, wadda ko daga barci aka tashe ka za ka kaɗa ta, ita za ka fara da ita, domin a minti na farko hannunka zai yi rawa, kuma wannan ba a hana shi. Waƙar da ka koya makon jiya ka bar ta a gida, komai daɗinta.

Sannan ka tashi tsaye. Kusan kowa a zaune yake koyo, a bakin katifa, gita a kan cinya, kai a sunkuye yana kallon yatsu. Ran da ka rataya maɗauri ka miƙe, wuyan gitar ya sauka ƙasa, ba ka ganin inda yatsunka ke sauka, sai kod ɗin F da ka sha wahala a kansa ya gudu. Ka daidaita maɗaurin yadda gitar za ta tsaya a daidai inda take zama idan kana zaune. Masu sauke ta har gwiwa don ado wuyan hannunsu ne ke biyan kuɗin. Mako biyu kafin ranar, kullum ka kaɗa waƙoƙin nan uku a tsaye, a jere, daga farko har ƙarshe, kuma ko ka yi kuskure kada ka tsaya. Ɗabi'ar komawa farko duk lokacin da yatsa ya zame ita ce za ta bi ka har gaban jama'a. Ka sa metronom na waya, wato manhajar da ke ƙirga bugun kiɗa, yana bugawa, don tsoro yana ƙara wa hannu gudu.

Maganar tsirkiya

Nan ne nake so ka nutsu, don nan ne ni na faɗi.

Karona na farko a gaban jama'a wata walima ce da dare, a tsakar wani fili a Samaru, cikin watan Disamba, hunturu ya kankama. Saboda ina so gitar ta yi ƙara mai kyau, da safiyar ranar na cire tsofaffin tsirkiyoyi duka shida na ɗaura sababbi. Na saita su a ɗaki, sautin kamar ƙararrawa, raina fes. Na shiga Keke Napep da ita cikin rana, na ajiye ta a ɗakin da aka ba mu mai ɗumi, sai wajen ƙarfe tara na dare aka kira ni waje cikin sanyi. Baiti na farko lafiya. Kafin na kai amshi na biyu, tsirkiya ta uku ta sauka, ta biyu ta bi ta. Kowane kod na kama sai ya fito a karkace, muryata tana neman inda za ta tsaya ba ta samu ba. Na ga wata baiwar Allah a layin gaba ta dubi ƙawarta. Na ƙarasa waƙar da ƙyar na sauka, sauran biyun ban yi su ba.

Wani dattijo da ya daɗe yana kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan coci a Sabon Gari yana wurin. Ya karɓi gitar, ya sa yatsa ƙarƙashin tsirkiya ɗaya ya ɗaga ta kaɗan ya saki, ya kaɗa, sautin ya ƙara faɗuwa. Ya ce, "Ɗana, yaushe ka ɗaura waɗannan?" Na ce, "Yau da safe, Baba." Ya ce, "To ai ba su gama miƙewa ba. Sabuwar tsirkiya sai ta kwana." Ya zauna a kan benci ya nuna mini abin da zan gaya maka yanzu.

Sabuwar tsirkiya tana ci gaba da saki bayan an ɗaura ta, a wajen naɗin da ke jikin kunnen gita, wato abin da ake murɗawa a saita ta, da kuma can ƙasa inda aka maƙale ta. Idan ta ƙarfe ce, ka canza ta kwana uku ko huɗu kafin ranar wasa, kuma ka kaɗa ta kullum a tsakanin. Idan ta roba ce, irin ta gitar da ake kira kilasika, ba ta mako guda cif, don ta fi jinkirin zama. Bayan ka ɗaura ka saita, sai ka sa yatsa ƙarƙashin kowace tsirkiya wajen tsakiyar tsawonta, ka ja ta sama a hankali, ka saki, ka sake saitawa. Za ka ga ta sauka. Ka maimaita har sai ka ja ta ba ta ƙara sauka ba, yawanci sau uku zuwa biyar. Sirara biyun na ƙasa ka yi musu a hankali, suna tsinkewa. Naɗi a jikin kunne kuwa, zagaye biyu zuwa uku ya isa ga masu kauri, sirara a ƙara musu kaɗan, kowane zagaye yana kwanciya ƙarƙashin na samansa. Masu naɗe duk tsawon tsirkiyar kamar zare a kwarkwaro su ne gitarsu ba ta taɓa zama daidai.

Wajen saiti akwai doka ɗaya da ba na sassautawa: kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sautin. Idan ka wuce, kada ka sassauta kunnen har ka dawo daidai ka tsaya nan. Sauka ƙasa da wurin, sannan ka ɗaure a hankali ka hau. Tsirkiyar da aka saita ta hanyar sassautawa tana riƙe da ɗan saki a wuyanta, bugun farko mai ƙarfi zai fito da shi. Jerin da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, shi ne E, A, D, G, B, E, kuma ka duba na'urar saitinka tana kan 440, lambar ma'aunin sauti da aka saba saita kayan kiɗa a kai. Na taɓa ganin yaro ya danna maɓalli cikin rashin sani ta koma wata lamba, ya saita gitarsa tsaf, amma shi da mai fiyano kowa da inda ya nufa. Idan ka gama ta shida ka koma kan ta farko ka sake bi, domin ɗaure ɗaya yana jan wuyan gitar ya taɓa sauran.

Manhajar saiti ta waya tana da amfani a ɗaki. A wurin taro ba ta da shi, don da kunnen wayar take ji, kuma ga janareta ga dije ga surutun jama'a. Sayi ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a kan gitar, wanda ke jin girgizar katakon. Ƙaramin batiri mai kama da kwabo yake ci. Wanda ya ce kunnensa ya ishe shi, ya bari sai ya shekara goma yana kaɗawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya riƙe jama'a shekara da shekaru. Kai shida ke gare ka, kowacce tana iya ba ka kunya ita kaɗai.

Sai zafi da sanyi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, katako ma yana motsi. Gitar da aka saita a ɗaki mai ɗumi aka fito da ita sanyin dare ba za ta zauna yadda aka bar ta ba. Ka fito da ita daga jaka a ainihin wurin da za ka yi wasa, ka jingine ta minti ashirin ko talatin ta sha iskar wurin, sannan ka saita. Ka sake dubawa dab da za a kira sunanka, da kuma tsakanin waƙa da waƙa.

Hunturun Zariya da katako

Masu ƙera gita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar garin nan ta bushe ƙwarai fiye da haka, yadda leɓe da diddige ke tsagewa haka katako ke ji. Alamunsa: fuskar gitar ta ɗan lotsa, tsirkiya ta fara zuzu a kan ƙarafan wuya, bakin ƙarafan su fito suna kartar hannu, in abin ya yi nisa katakon ya tsage. Maganin ba shi da tsada. Sami soso, ka jiƙa shi ka matse sosai har ya daina ɗiga, ka sa a robar sabulu da ka huda wa murfi, ka ajiye cikin jakar gitar ka zuge. Duk bayan kwana biyu ka duba. Kada ka rataye ta a bango a wannan lokaci, kada ka bar ta a but ɗin mota da rana. Da damina ta sauka kuma sai ka cire soson, ka riƙa goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa saboda tsatsa.

Mai sayen ta gwanjo ya lura da wannan ma. Ka ɗaga ta ka kalli wuyan daga kai zuwa ƙasa kamar mai duba miƙewar sanda, ka kuma duba ko katakon da tsirkiyoyi ke maƙale a kai ya fara ɗagowa daga fuskar. In ya ɗago, bar ta, komai arharta.

Abin da ke cikin jaka

Cikakken saitin tsirkiya na ajiya, domin ba ko'ina ake samu a Zariya ba, wani lokaci sai an aika Kaduna ko Kano. Abin kaɗi guda uku, ɗaya a aljihu. Wayar jona gita taka ta kanka, kada ka dogara da ta masu kayan sauti, wadda ta sha taku a bukukuwa. Idan gitarka mai batiri ce, sabon batiri mai bolt 9, kuma ka sani muddin waya na jone a jikinta batirin yana ci, ko ba ka kaɗawa.

Kai da mai kayan sauti

Ka isa da wuri, ka gaishe shi da mutunci, ka tambayi sunansa. Mutumin nan yana iya gyara ka, yana iya binne ka. Ka roƙe shi minti biyar na gwaji, kuma a gwajin ka kaɗa da irin ƙarfin da za ka kaɗa a wasan, ka yi waƙa da cikakkiyar murya. Masu koyo suna lallaɓa tsirkiya a gwaji don kunya, sai an fara su buga da ƙarfi, sautin ya fashe. Ka gaya masa murya ta fi gita fitowa. Bahaushe baitin yake saurare.

Kada ka tsaya a gaban sifika. Kukan nan mai huda kunne yana tasowa ne idan makirufo ko ramin gitar ya ji abin da sifika ke fitarwa ya mayar mata. Tsaya a bayan layinsu. In ya fara, ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyi ka juya gefe. Akwai murfin roba da ake toshe ramin gitar da shi, yana taimakawa sosai. Wayar kuma ka zagaya da ita ta cikin maɗauri kafin ka jona, don in ka taka ta kada ta fizge. Kada ka jona ko ka cire sai ya rage maka sauti. Sannan ka tambaye shi tun kafin a fara: in NEPA ta ɗauke wuta, minti nawa kafin janareta ya tashi? In ta ɗauke kana tsakiyar waƙa, matso gaba ka ci gaba da kaɗawa haka nan, ka sa jama'a su tafa su karɓi amshi.

Ka tambayi masu taron lokacin da za a sa ka, kada ya faɗa kan kiran sallar Magariba ko Isha'i. In an kira kana kai, ka dakata.

A kan dandali

Rubuta jerin waƙoƙin da manyan baƙaƙe a takarda ka ajiye a ƙasa kusa da ƙafarka. Yi sallama, faɗi sunanka a taƙaice, kada ka ce wa jama'a kai ɗan koyo ne ko ka nemi afuwa tun ba ka yi laifi ba. Ja numfashi, ƙirga bugun a zuciyarka, ka fara a hankali fiye da yadda jikinka ke so. Zaɓi mutum ɗaya a baya da ke gyaɗa kai ka riƙa kallonsa. In wani ya taso yin liƙi, ka sunkuyar da kai alamar godiya, hannu ya ci gaba da aiki, kuɗin a bar wa abokinka ya tattara. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga tsakiyar jama'a, ka kalla bayan kwana biyu, ka lura da inda ka fara gudu da inda tsirkiya ta fara sauka. Kafin ka mayar da gitar jaka, goge gumin da ke kan tsirkiyoyin.