Darasi na 9: Lamba 12, Wadda Ba Ta Kawo Gardama Wajen Rabo

Iyayena mata da 'yan'uwa, yau kan 12 za mu zauna. Ku fara rubuta ta tukun, 1 a hagu 2 a dama. Wannan 1 ɗin goma ce guda, 2 ɗin kuma ɗai-ɗai ne guda biyu, shi ya sa muke cewa goma sha biyu. In hannu ya juya ya sa 2 a gaba to ta koma 21, kuma a littafin bashi wannan kuskuren sidi 9 ne na kuɗin Gana ya tafi, don Allah a kula.

Yanzu kowa ya buɗe hannun damansa. Ku sa babban yatsa ku bi gaɓoɓin sauran yatsu huɗun kamar dai yadda muke tasbihi bayan sallah, kowane yatsa gaɓa uku, 3, 6, 9, 12. Kun ga 4 sau 3 kenan, kun daɗe kuna wannan lissafin ba ku sani ba.

Abin da ya sa ni nake son lambar nan shi ne rabo. A kawo ƙosai 12 a faranti, yara biyu kowa 6, yara uku kowa 4, huɗu kowa 3, shida kowa 2, ba wanda za a gutsura ba yaron da zai yi kuka. To ku gwada da 10 mana, mutum biyu ko biyar kawai take yi wa adalci, da kun ce uku sai ɗaya ya rage a tsaya ana kallon-kallo. Duk lambobin da ke ƙasa da 12 babu mai hanyoyin rabuwa da yawa kamarta, domin 1, 2, 3, 4, 6 da ita kanta 12 duk suna shiga cikinta daidai. Shi ya sa 'yan sari suka riƙe dozin, wato guda 12, in kin je kasuwar Kejetia a Kumasi sarin cokali ko sabulu ko safar yara da dozin za a miki magana, rabin dozin 6, kwata 3, dozin goma sha biyu kuma 144. Kiret ɗin ƙwai dai 30 ne, wato dozin biyu da rabi, kar a ruɗe.

Masu atamfa da teloli ku ne kuka fi kowa rayuwa da ita. Cikakken zani yadi 12 ne, rabinsa da muke cewa haf fis yadi 6, wanda shi ne ake yankawa biyu-biyu, riga 2, zanin ɗaurawa 2, na yafawa ko goyo 2. A tef ɗin awo kuma inci 12 ƙafa ɗaya ce, ƙafa 3 yadi ɗaya, kenan yadi inci 36 ne. Mai sayen yadi da ta san wannan ba a rage mata awo ta tafi ba ta sani ba, ni wannan kaɗai ya ishe ni dalilin koyar da darasin nan.

Tsofaffinmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi za su tuna kuɗin da, kafin sidi ya zo a 1965 fam da sule da kwabo ake kashewa a Gana, kuma kwabo 12 ne sule ɗaya, sisi kwabo 6 rabin sule kenan, taro kwabo 3 kwatan sule. Har yau in mutum ya ce ba shi da ko sisi wancan sisin yake nufi ko da bai taɓa riƙe shi ba. Yanzu kuɗinmu ɗari-ɗari ne, pesuwa 100 sidi 1, rubutawa ta yi sauƙi amma ku raba sidi 1 wa mutum uku ku ga yadda pesuwa ɗaya take maƙalewa.

Agogo 12 ce a samansa, gajeren hannu ya zaga sau biyu awa 24. Wata 12 ne a shekara, na Bature da na Musulunci duka, kuma Allah Ya faɗi adadin a Suratut Tauba aya ta 36, huɗu daga ciki masu alfarma ne.

Wurin da nake so mu daɗe shi ne gado, saboda nan ne zumunci yake lalacewa in ba a gane lissafi ba. Malaman rabon gado suna yawan kasa dukiya kashi 12 idan rubu'i (ɗaya bisa huɗu) ya haɗu da sulusi (ɗaya bisa uku) ko sudusi (ɗaya bisa shida), don 12 ce ƙaramar lambar da 4 da 3 duk suke shiga. Misali mutum ya rasu bai bar ɗa ko jika ba, mahaifinsa ma ya riga shi, ya bar mata da mahaifiya da ɗan'uwa shaƙiƙi guda ɗaya. Bayan an biya bashi da wasiyya matar rubu'i ne nata wato kashi 3, mahaifiya sulusi kashi 4, ragowar 5 na ɗan'uwan. In sidi 2,400 ne, kashi ɗaya 200, matar 600, mahaifiya 800, ɗan'uwa 1,000, ku tara ku gani ya koma 2,400. Rabon kansa wajen malami za a kai, da magaji ɗaya ya ƙaru lissafin yana iya canzawa, amma Hajiya in kin san 12 za ki zauna a wurin kina bin abin da ake yi da idonki.

Ga dabarar gane ko kaya za su cika dozin ba saura, sai 3 da 4 duk sun shiga lambar. A ɗauki 132, a haɗa 1 da 3 da 2 ya ba da 6, 3 tana shiga, sai ka duba biyun ƙarshe wato 32, 4 tana shiga, to dozin 11 ne cif. Amma 150 ta faɗi a gwaji na biyu don 4 ba ta raba 50, dozin 12 ne da guda 6.

Aikin gida, a yi shi a littafi ba da ka ba. An sayar miki da dozin sabulu sidi 84, nawa guda ɗaya ya kama, nawa ne rabin dozin? Mata 12 suna susu, wato adashi, kowa na zuba sidi 50 a wata, nawa mai kwasa za ta ɗauka, kuma in an fara a Janairu wane wata ta ƙarshe za ta kwasa? Wanda ya maƙale ya zo da ƙwayar wake ko masara 12 a leda ranar darasi mai zuwa, a kan tabarma za mu kasa su tare.