Darasi na Bakwai: Haɗa Kwamfutocin Ofis da Sabar

Wannan darasi na wanda aka damƙa wa kula da kwamfutocin makaranta, ofis ko cibiyar rubuta jarrabawa ne. Misalinmu ɗaki ne mai kwamfuta 20, da sabar guda (babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita) mai Windows Server, da suwic (akwatin da wayoyin duk na'urorin ke haɗuwa a jikinsa) mai ƙofa 24, da firinta, da rauta ɗaya mai kawo intanet. An riga an kafa domen a kan sabar, wato rajistar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, an sa mata suna makaranta.internal. Abin da ya rage shi ne shigar da sauran kwamfutocin ƙarƙashinta.

Littafin adireshi

Kafin a taɓa linzami, a nemo littafi da biro. Kowace na'ura a kan layin tana buƙatar adireshin IP nata na kanta, lamba huɗu da ɗigo a tsakaninsu. A raba su kamar haka, a rubuta: rauta 192.168.10.1, sabar 192.168.10.2, firinta 192.168.10.3. Waɗannan uku da hannu ake sa musu adireshi kuma ba a canzawa, domin kowa su yake nema. Daga 192.168.10.50 zuwa 192.168.10.200 a bar wa DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi da kansa idan an kunna su. A gurbin Subnet mask a sa 255.255.255.0 ko'ina. Ma'anarsa lambobi ukun farko iri ɗaya ne ga kowa, ta ƙarshe kaɗai ke bambanta, daga 1 zuwa 254.

Wanda ya ƙi rubutawa, wata rana zai ba na'ura biyu adireshi ɗaya, su dinga faɗuwa suna tashi, ya wuni yana zargin waya.

Waya

A yi amfani da waya nau'in Cat6 ko Cat5e, kada tsawonta daga suwic zuwa kwamfuta ya wuce mita 100. Wajen matse kan RJ45 a bi jerin T568B a kai biyun: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A manna lamba ɗaya a kan kowane ƙarshen waya. Idan an soka ta fitilar ƙofar suwic ba ta kama ba, kada a wahala da saiti, matsalar tana waya ko ƙofa.

Mai raba adireshi ɗaya ne

Yawancin rautoci suna zuwa daga kanti da DHCP ɗinsu a kunne. Idan sabar ma tana rabawa, duk wanda ya riga amsa wa kwamfuta shi za ta bi. Sai a ga rabin ɗaki na ganin sabar, rabi ba ya gani, gobe kuma su sauya. A shiga saitin rauta a kashe nata, a bar na sabar. A cikin DHCP na sabar a cika abu biyu: ƙofar fita zuwa intanet 192.168.10.1, sannan DNS, mai juya suna zuwa adireshi, 192.168.10.2.

Yanzu a je kwamfuta ta farko, a buɗe Command Prompt, a rubuta ipconfig /all. Idan adireshinta ya fara da 192.168.10, madalla. Idan ya fara da 169.254, to ta yi kira ba wanda ya amsa, sai ta ba kanta adireshi. A duba waya, a duba ko DHCP na sabar yana aiki, sannan a rubuta ipconfig /release, a bi shi da ipconfig /renew. Daga nan a gwada ping 192.168.10.2, a ga amsa huɗu sun dawo.

DNS, inda aka fi tuntuɓe

A nan ya kamata mai koyo ya nutsu. DNS shi ne ke juya suna zuwa adireshi. Kwamfutar da ke son shiga domen ba ta san inda sabar take ba, sai ta tambayi DNS ɗinta: wa ke riƙe da makaranta.internal? Sabar ɗinmu ce kaɗai ta san amsar. Masu gyara da yawa sun saba sa 8.8.8.8 na Google a kowace kwamfuta, saboda yana buɗe shafukan intanet lafiya lau. Amma Google bai san ɗakinmu ba. Tamkar ka tare baƙon da ya sauka a tasha yau ne kana tambayarsa gidan mai unguwa. Abin da ke ruɗa mutum shi ne intanet na aiki, ping na amsawa, amma Windows ta ce ba ta iya samun mai kula da domen, wato sabar, ba.

Sa 8.8.8.8 a gurbi na biyu ma kuskure ne, har ya fi na farkon ɓata lokaci. Duk sanda sabar ta yi jinkirin amsa, kwamfutar na iya komawa kan na biyun ta ɗan zauna a can, shiga ya yi nauyi, fayilolin ofis su ɓace, an jima su dawo. Wurin 8.8.8.8 yana cikin sabar kanta, a shafin Forwarders na saitin DNS, inda za ta tura tambayoyin da ba na cikin gida ba. Gwajin da ke raba gardama shi ne nslookup makaranta.internal. In bai dawo da 192.168.10.2 ba, kada a matsa gaba.

Shiga domen

A tabbata Windows ɗin kwamfutar Pro ce ko Education ko Enterprise, domin Home ba ta shiga domen ko me aka yi mata. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Computer Name, a danna Change. A ba kwamfutar suna mai ma'ana da bai wuce harafi 15 ba, misali LAB-01, a sake kunna ta. A dawo wurin, a zaɓi Domain, a rubuta makaranta.internal, a shigar da suna da kalmar sirrin wanda ke da izini, a sake kunnawa. Kada a ba ma'aikata asusun shugaban domen don sauƙi. Kowa da nasa asusun.

Agogo

Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yarda idan agogon kwamfuta da na sabar sun bambanta da fiye da minti 5. A tsofaffin kwamfutoci ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon ciki yakan mutu, da zarar an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya. A canza shi. A kuma duba yankin lokaci: Najeriya da Nijar suna kan UTC+1. Idan yankin ba daidai ba ne aka gyara agogon da hannu, ido zai ga lokaci daidai, alhali a wurin sabar akwai tazarar awa guda ko fiye. Sabar da suwic kuwa lalle su kasance a kan UPS, na'urar batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, don kada su mutu kafin a tada janareta.

Aikin gwaji

Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya fita waje, ɗayan ya ɓata abu guda a ɓoye: ya sassauta waya, ko ya buɗe ncpa.cpl ya mayar da DNS 8.8.8.8, ko ya tura agogo gaba da minti 10. Wanda ya dawo ya bi sawu daga ƙasa: fitilar suwic, ipconfig /all, ping, nslookup, sannan agogo, yana rubuta abin da kowane gwaji ya nuna kafin ya gyara komai. In ya gano, sai ku musanya.